Ganyen Kaka da Ba Ya Shiga Miya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Kaka ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, bayan ta sha hurarta, ta kuma yi wa Mama faɗa a kan ta cika mata sukari. Kaka ita ce mahaifiyar Mama. Ni kuwa jikarta ce, wadda take kira Rediyo, wai tun da aka kunna ni ranar suna ba a samu wanda ya san inda ake kashe ni ba. Na rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don akwai abin da ya faru bayan rasuwarta wanda in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Kafin azahar gidanmu na unguwar Zongo a Yamai ya cika, har ƙadangaru suka rasa bangon hawa. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa da gaisuwarsu ta ta'aziyya, "fonda tilas", danginmu na Tawa suna "ya muka ji da haƙuri", takalma a ƙofar ɗaki sun yi tudu kamar an buɗe sabon layi a kasuwar Wadata. Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Kaka ce ta yi mata wankan jego. Wata ta ce ita ta sasanta ta da surukarta. Amma duk wadda ta fara, da abu ɗaya take rufewa: "Allah ya jiƙan mai ganye."

A waje, cikin maza, akwai wani ƙato mai gemu da muke kira Mai Buke, mai haɗa furannin aure da na otel. Kukansa har cikin gida ana ji. Yana share hawaye da hularsa yana cewa, "Hajiya ta tafi, ganye ya tafi, ga aure ranar Asabar, na shiga uku!" Malamin unguwa ya yi masa wani kallo, ya koma salati. Can kuma sai ya sake ɓarkewa.

Sai ga Gwaggo. Ita ƙanwar marigayi kakanmu ce, mijin Kaka. Mama ce take ce mata Gwaggo, mu duka muka ara. Ta shigo da sandarta, ta wuce tabarma, ta zauna a kan kujerar Kaka wadda kowa yake kewayewa tun safe. Ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Sannan ta ce, da muryar da ake ji har bakin titi:

"Allah ya jiƙan ta. Mace ce mai salla, mai zumunci. Sai dai ta ƙare rayuwarta tana kiwon ganyen da ba ya shiga miya."

Mama ta ciji leɓe. Ni na buɗe baki, wata innata ta mintsine ni a cinya har yau akwai shaida.

Bayan sadakar uku Kawu, yayan Mama, ya tara mu. Kawu ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai, duk abin da ba a aunawa da tiya ba ya ganinsa. Ya ce garkar Kaka ta bakin kogi ba za ta zauna haka ba. Ambaliyar bana ta kashe ganyen kaf, ba iri, ba saiwa. Bayan sadakar arba'in zai sa a shuka shu, wato kabeji, da ganyen salati, gida ya samu abin ci. Mama ta ce ita tana so ta ci gaba da sana'ar uwarta. Kawu ya ce, "Da me? Ki nuna min reshe ɗaya mai rai kafin arba'in, in bar miki garkar. In babu, sai haƙuri."

Sai na faɗa muku wane ganye ne wannan, don in kun ji ana kuka a kansa za ku zata zinariya yake haifa. Wani ɗan tsiro ne da bai kai ƙugun mutum ba a garka, ganyensa ƙanana, launin toka mai haske kamar an barbaɗa masa gari, da taushi kamar kunnen ɗan akuya. Kaka tana ce masa Furfura. Ba a ci, ba a sha, ba ya maganin komai. Aikinsa ɗaya: a yanko rassansa a cusa tsakanin furanni in ana haɗa buke, wato damin furen da amarya ke riƙewa, sai jan fure ya ƙara ja, fari ya ƙara fari, abu kaɗan ya zama mai yawa. Kakanmu direba ne a wani babban gida, mai kula da shukokin gidan ya ba shi reshe a gwangwani, shi kuma ya kawo wa amaryarsa. Daga wannan reshen Kaka ta yi shekara da shekaru tana dashe. Duk wanda zafin bazara ya narkar, ta bar shi ya tafi. Wanda ya tsaya, daga jikinsa take yanka. Har ta samu irin da ranar Yamai ba ta ba shi tsoro. Ba ya yin ƙwaya a nan, sai dai reshe. Shi ya sa ba a sayensa a ko'ina. Masu sayar da shuke-shuke sun sha kawo mai kama da shi daga waje, yana shiga watan zafi sai ya kwanta kamar dafaffen zogale.

In kuna son ganin Kaka, ku same ta a garka bayan sallar asuba, zani ɗaure a ƙirji kan riga, almakashi rataye a wuya da igiya kamar laya. Tana yanka tun rana ba ta fito ba, ta zage ganyen ƙasan kowane reshe da yatsu biyu, ta tsoma cikin bokitin ruwa a inuwa. Wai in rana ta taɓa shi kafin ya sha ruwan bokiti, zai sunkuyar da kai a gaban amarya ya kunyata ta. Shukar kanta kuwa ba ta ba ta ruwa sai ta cusa yatsa cikin ƙasa har ya nutse ta ji a bushe ƙamas. Maƙwabtanta na garka suna ta kai da komo da arozuwar, wato butar ban ruwa, gumi har ƙafa, ita tana zaune a kan bokiti tana cin goro tana yi musu sannu.

Ran nan na ga ganyen ya yi laushi da rana, na ɗauko ruwa. Ta daka min tsawa daga can ƙarshen garka, har tsuntsaye suka tashi daga tsallaken kogi.

"Rediyo! Ajiye!"

"Kaka, ƙishirwa yake ji."

"Ya gaya miki?"

"Dubi yadda ya yi."

"Ke ma haka kike yi in an ce ki yi wanke-wanke, kin mutu? Kar ki ji tausayinsa. Tausayi ke kashe shi."

Kaka ba ta da rowar ganyenta, wannan kowa ya sani, har ya zama abin tsoro. Ba ta zubar da gwangwanin tumatir. Ta huda gindinsa da ƙusa, ta cika da yashin kogi da ɗan taki kaɗan, ta soka reshe. Duk wanda ya shigo gidanmu ba ya fita hannu sake. Mai kawo gaisuwa, mai neman aron turmi, mai karanta mitar wuta, duk sai an ɗora musu gwangwani. Akwai lokacin da na tabbata in ɓarawo ya haura gidanmu, zai sauka ta ɗaya bangon da gwangwani a hannu, tana bin sa da bayani. Bayanin kuwa ba ya canzawa: "Ki ajiye shi a rana, ki manta da shi." Mutane su yi dariya su ce, "Haba Hajiya, ina za mu manta da kyautarki."

Mai Buke ma ta dalilin ganyen suka saba. Shi da bakinsa yake ba da labarin, in ya fara ba ya tsayawa. Wai yana saurayi, yana tsaye bakin titi da ƴan furanni a hannu sun fara yaushi, wani tela ya zo yana neman buken auren ƴarsa, abin da ke aljihunsa bai kai ko'ina ba. Ana cikin haka Kaka ta zo wucewa da bokiti a ka. Ta tsaya ta saurara, don Kaka ba ta wuce zancen da ba nata ba. Ta sauke bokitin, ta karɓe furannin daga hannunsa, ta ware su nesa da juna, ta cika tsakaninsu da Furfura, ta kwance igiyar almakashinta ta ɗaure. Wai abin ya fito kamar na ƴar minista. Tela ya kama godiya. Ta ce masa, "Je ka, ka ce wa amarya ta riƙe shi sama-sama." Ta juya ga saurayin ta ce, "Kai kuma gobe ka zo garka in koya maka, kana riƙe fure kamar tsintsiya." Yau yana da shago da ma'aikata, amma har ta rasu in ta shiga shagonsa sai ta warware buke ɗaya ta sake ɗaurewa, don kada kansa ya yi girma.

Rigimarta da Gwaggo kuwa ta girme ni. Garkar asalinta ta gidan su kakanmu ce, a nan uwarsu take noman kuɓewa da yakuwa. Gwaggo ba ta taɓa yafe a ce ƙasar da ta ciyar da su miya ta koma gidan ado ba. Amma ranar da abin ya fashe ina nan, ina ƴar firamare. Ana saura kwanaki layya, ragon Kawu yana ɗaure a tsakar gida, bokitin Furfura na wani babban aure yana inuwa. Gwaggo ta zo gaisuwa. Ta sa hannu ta ɗebo rassa masu kyau ta miƙa wa ragon. Rago ya sunsuna, ya yi atishawa, ya juya mana baya.

"Kun gani?" in ji Gwaggo. "Wannan ragon kwali yake ci. Jiya na gan shi yana cin leda. Amma ya ƙi abin da matar yayana take nomawa."

Kaka ta ce, "Ai ba a gayyace shi auren ba."

"Miya ta ƙi, rago ya ƙi. Wa ya rage?"

"Amare, Hajiya. Ke dai naki ya wuce."

Gwaggo ta tashi ta bar hurar da aka dama mata. Washegari Kaka ta zaɓi gwangwani mafi kyau, reshe mafi ƙarfi, ta aiki Mama ta kai wa Gwaggo har gidanta na unguwar Maourey, wai na ban haƙuri. Mama ta dawo tana haki ta ce Gwaggo ta yi jifa da shi bayan ɗaki, ta kuma rantse da girman Allah ko ɗigon ruwa ba za ta ba shi ba.

Kaka ta ajiye goronta. "Ta rantse?"

"Ta rantse, Inna."

"Da bakinta?"

"Har sau biyu."

"To madalla," in ji Kaka, ta ci gaba da cin goro. Muka ɗauka baƙar magana ce.

Bana kogi ya cika ya tsallake inda ya saba tsayawa. Garkar Kaka ta kwana cikin ruwa, ta wuni, ta sake kwana, har muka daina ƙirgawa. Da ruwan ya janye, Kawu ya ɗauki Kaka a mota zuwa garkar, ni ma na liƙe. Abin da muka tarar ba ya faɗuwa: Furfura duk ta yi baƙi, ta ruɓe tun daga saiwa, wari kamar an jiƙa tsohuwar tabarma. Ni na fashe da kuka. Kaka ta tsaya a kan tudu tana kallo, ta gyara mayafi ta ce, "To, ruwa ya ci nasa. Nawa yana wurin ajiya."

Kawu ya ce, "Wace ajiya, Inna?"

"Wadda na ba ba ta san tana ajiya ba. In ta sani za ta ɓata min."

Kawu ya dube ni, na dube shi. Muka ce tsufa ne da baƙin ciki. Ba a daɗe ba ta kwanta ciwo, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

To, da Kawu ya kafa sharaɗinsa, ni na ce wannan ai sauƙi ne. Rabin Yamai yana da gwangwanin Kaka. Na ce wa Mama ta kwantar da hankalinta, kafin Juma'a zan kawo mata Furfura da za ta rufe gadar kogi. Kullum in na taso daga lakwal, wato makaranta, sai in bi gidaje.

Gidan farko, matar liman. Ta kama hannuna ta kai ni lungu, ga gwangwani, ga busasshen tsinke a ciki.

"Wayyo ƴata, wallahi na kula da shi kamar jariri. Nan na ajiye shi inda Malam yake alwala, don ya samu albarka. Sau biyar a rana yana shan ruwa, har da nafila. Ban san me ya same shi ba."

Gida na biyu, gwangwanin yana gindin randa. Na uku, wurin alwala. Na huɗu, wurin alwala. Wata ta ce ita har ruwan wankin shinkafa take ba shi don ya yi ƙiba. Wata ta ce da ta ga ya fara baƙi sai ta ƙara masa ruwa, da ya ƙara baƙi ta sake ƙarawa, ta mai da shi ɗaki kusa da fanka. Na bi Zongo, na bi Wadata, na hau kabu-kabu har unguwannin da ban san da su ba. Ko'ina labarin ɗaya ne. Ba wadda ta manta da shi. Mace ta ga kyautar Hajiya a tsakiyar rana, ga buta a hannunta, ta wuce ba ta zuba ba? Ai sai a ce ba ta da imani. Duk mutanen kirkin garin nan sun taru sun kashe ganyen Kaka da ladabi.

Mai Buke ma na je wurinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce nasa gwangwanin, yaran shago ne suka riƙa juye masa ragowar ruwan furanni. Ya nuna min buken da yake haɗawa da ganyen roba. Ya ce, "Dubi, ƴar Hajiya. Kamar an yi wa amarya kwalliya da leda." Ya fara neman hularsa zai yi kuka, na gudu.

Arba'in tana matsowa. Kawu har ya kawo irin shu ya ajiye a kan firiji inda Mama za ta riƙa gani. Mama ta daina zancen garka. Wata rana na same ta ta ɗauko almakashin Kaka tana shafa masa mai, ta naɗe a tsumma ta sa ƙasan akwati. Wannan ya fi min kukan ranar rasuwa ciwo.

Ana saura ƴan kwanaki, aka aike ni Maourey in aro babbar tukunyar Gwaggo ta sadaka. Ban so zuwa ba. Na gaishe ta, ta amsa kamar ana cire mata haƙori. Ta ce tukunyar tana bayan ɗaki, in je in ɗauka, kar in taɓa mata komai. Na zagaya.

Jama'a, na ga abin da ya sa na manta sunana. A bayan ɗakin akwai tudun yashi da ɓaraguzan bulo da aka bari tun wani gini. A kan tudun, cikin rana tsantsa, ga Furfura ta yi wani uban kurmi, ta fi ni tsawo, ta fi Kawu faɗi, tana ƙyalli kamar an zuba azurfa a kan juji. A gindinta ga tsatsar gwangwanin tumatir, saiwa ta fasa shi ta shige yashi. Wata mage tana barci a inuwarta.

Na ƙwala ihu. Gwaggo ta fito da sanda tana zaton maciji ne.

"Gwaggo! Ganyen Kaka!"

"Shi ne kike min ihu? Wannan ɗan banzan? Na jefar da shi ya ƙi mutuwa, taurin kai irin na mai shi."

"Ba kya ba shi ruwa?"

"Na rantse, ke! Ni ƴar wasa ce?"

Tana rufe baki ta hango magen. Ta ce, "Kin ga wannan ɓarauniyar maƙwabta, ta dawo." Ta ɗebi ruwa a moɗa ta watsa mata. Mage ta tsere, ruwan ya sauka a gindin Furfura. Na tambaye ta ko kullum magen take zuwa. Ta ce a'a, sai jefi-jefi, in ta ji ƙanshin kifi. Na zauna a kan bulo ina dariya ina kuka. Shekara da shekaru, mage da rantsuwa suna yi wa Kaka ban ruwa daidai yadda take so.

Na roƙe ta reshe ɗaya. Ta ce a'a. Na durƙusa. Ta ce ko zan kwanta, a'a. "Nawa ne, ita ta ba ni. Garkar uwata za ta koma miya, ɗan yayana ya yi daidai. Ɗauki tukunya ki ba ni wuri."

Na ɗora tukunya a ka. Har na kai zaure, bakin nan nawa da ba a san inda ake kashe shi ba ya kunna kansa. Na juyo na gaya mata abin da Kaka ta ce a kan tudu ranar da ruwa ya janye, kalma da kalma. Na ƙara mata da "to madalla" na ranar rantsuwa.

Gwaggo ta yi tsaye kamar an dasa ta. Ta dubi bayan ɗaki, ta dube ni.

"Wato da gangan ta aiko min?"

"Ga alama, Gwaggo."

"Ta san zan rantse."

"Kowa ya san za ki rantse."

"Matar nan ta mai da ni mai gadi! Ina zaune a gidana ina jin na ci nasara, ashe aiki nake mata!" Ta buga sanda a ƙasa. "Duk garin nan ba ta yarda da kowa ba sai..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce min in fita kafin ta karya min ƙafa.

Na koma gida na gaya wa Mama. Mama ta ce in bar ta, ba a yi wa Gwaggo dole, kuma kada in kuskura in haura bangonta. Yadda ta san abin da ke raina, Allah kaɗai ya sani. Kawu ya ce shi bai ga reshe ba, labari ya ji, kuma daga bakin Rediyo.

Ranar arba'in gida ya sake cika. An yi addu'a, an fara rabon masa. Gwaggo ba ta zo ba, mata har sun fara ƙus-ƙus. Sai muka ji hayaniya a waje, yara suna ihu. Na leƙa. Ga ɗan dako yana turo puspus, wato amalanken hannu, ba a ganin kansa, an lafta masa rassan Furfura har suna share ƙasa, jiƙaƙƙen buhu a rufe da gindinsu. A gaba ga Gwaggo da sanda tana buɗe hanya kamar mai jan ayarin shugaban ƙasa. A bayansu wata yarinya ɗauke da buhun gwangwanayen tumatir yana ƙara.

Mai Buke ya miƙe daga tabarmar maza ya yi kabbara da ƙarfi har malam ya zabura. Malam ya ce, "Hajiya, ba a kawo fure wurin sadaka."

Gwaggo ta ce, "Malam, duba da kyau. Ka ga fure a nan? Ganye ne. Ko rago ba ya ci."

Ta sa aka shigo da puspus har tsakar gida. Ta kira Kawu da sunan da take kiransa tun yana yawo ba wando, wanda ba zan rubuta ba don ina son zaman lafiya.

"An ce ka ce reshe ɗaya."

"Haka ne, Gwaggo."

"Ƙirga."

Kawu ya dubi tulin, ya sosa ƙeya. "To ni ina zan sa shu ɗina?"

"Ka sa a hularka. Tun asuba na yanke su, rana ba ta taɓa su ba, haka na ga tana yi. Uwar shukar tana gidana, ba mai taɓa ta. Ke," ta nuna Mama, "ina almakashin?"

Mama ta shiga ɗaki da gudu kamar yarinya. Aka juye yashi a tsakar gida. Matan da suka zo cin masa suka tsinci kansu suna huda gwangwani da ƙusa. Wata ta rangaɗa guɗa, ta tuna inda take, ta rufe baki, sai sauran suka kama dariya, Mama tana dariya hawaye na zuba a kan yashi. Kawu da kansa ya tuɓe babbar riga ya kama ɗaukar bokiti. Gwaggo ta zauna a kan kujerar Kaka, wannan karon ba wanda ya ji haushi. Duk wadda za ta fita sai ta bi ta gabanta ta karɓi gwangwani, ta kuma sha gargaɗi:

"A rana. Nesa da buta. Duk wadda ta zuba masa ruwan alwala, ni da ita. In tausayi ya kama ki, ki zo in ara miki mage."

Yanzu Mama ta tayar da kunya-kunya masu tudu a can saman garka inda ruwa bai kai ba, yashi ya fi ƙasa yawa, rassan sun kama sun fara fitar da sabon toho fari fat. Kawu ya samu gefen da ke kusa da ruwa ya zuba shu ɗinsa, yana kuma gaya wa mutane a Wadata cewa shi ya ba da shawarar. Mai Buke ya zubar da ganyen roba. Gwaggo tana zuwa garka ran Juma'a ta zauna a kan bokiti, ta cusa yatsa cikin ƙasa, ta ce har yanzu ita ba ta ga amfanin abin nan ba, sannan ta daka wa duk wanda ya kusanto da arozuwar tsawa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka kabarinta, ya sa ta a inuwar da ba ta yaushi. Mu da ta bari muna tuna ta safe da yamma: in an dama hura, in an buɗe gwangwanin tumatir, in amarya ta wuce da buke a hannu. Nawa gwangwanin yana kan bango, a rana. Kullum in na ɗauki buta sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, sai in ji muryarta daga ƙarshen garka. In ajiye butar, in wuce.